Tsakuwa ta ɓantare fenti bayan shafa siramik

Mai tambaya: Salamu alaikum. Tsakuwar hanyar Tanut ta ɓantare fentin gaban motata bayan an shafa mata siramik, wato maganin da ake shafawa a kan fenti don kare shi. In ɗiga fenti kawai?

Mai fenti: Wa alaikumus salam, Alhaji. A'a, fenti ba ya kama siramik, ɓarewa zai yi. Goge gefen ramin da man folish don cire siramik ɗin, share da alkol. Idan ƙarfe ya fito, kankare tsatsa, sa farama, wato shafin farko da fenti ke kamawa. Sai ka ɗiga fenti da tsinken sakace, kaɗan-kaɗan, minti 30 tsakani, sannan banish, shafin ƙarshe marar launi mai sheƙi. Bayan kwana biyu a daidaita da samfefa mai laushi, lamba 3000, jiƙaƙƙiya.

Bakanike: Yi shi a inuwa, Alhaji. Ranar Damagaram tana busar da saman fenti alhali cikinsa ɗanye.

Mai tambaya: Siramik ɗin fa?

Mai fenti: Sai bayan wata guda, fentin ya gama bushewa.