Cibiyar Trieste: ta duniya ce ko ta Italiya?

Ɗan Zariya: Jama'a ni dai ina nan kan bakana, ICTP, cibiyar binciken fizis da ke birnin Trieste na Italiya, suna kawai ta ara na duniya amma ta Italiya ce. Kaso mafi tsoka na kuɗin gwamnatin Italiya ke bayarwa, abin da UNESCO da hukumar nukiliya ta IAEA ke sawa bai kai ko kusa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Malamar fizis: Haba ƙanena, wane askin aka yi? Ka duba daraktocin mana. Abdus Salam ɗan Pakistan ne ya kafa ta a 1964, bayansa Virasoro ɗan Ajantina, sai Sreenivasan, sai Quevedo ɗan Gwatemala, tun 2019 kuma Atish Dabholkar ɗan Indiya. In ka cire masu riƙon ƙwarya, ko ɗaya babu ɗan Italiya. Kuma tun 1996 UNESCO ce ke riƙe da ragamar gudanarwa.

Ɗan Zariya: Malama darakta daban, mai riƙe da lalita daban. Ranar da majalisar Italiya ta ce aljihu ya yi zafi wa zai cike gurbin? UNESCO ɗin da Amurka ta fice mata a 1984, ta dawo 2003, ta sake ficewa ƙarshen 2018, ta sake dawowa 2023?

Malamar fizis: Wannan tsoron naka na yarda da shi wallahi, amma ba shi ka fara faɗa ba. Ni na je can, wata biyu na yi, sun biya min jirgi da masauki a gidan baƙinsu na Adriatico bakin teku, iskar nan tasu ta hunturu har sai da na riƙe ƙarfen hanya, kuma a wata biyun nan na gama lissafin da na shekara ina fama da shi a ofis saboda babu wuta babu wanda zan tambaya. A teburin cin abinci na nuna wa wani ɗan Biyetnam takardata, ya ɗauki biro ya nuna min alamar da na juya a layi na uku. Ba wanda ya taɓa ce min ga abin da Italiya ke so ki bincika. Shi kansa Salam kaɗaicin da ya sha a Lahore ne ya kore shi Ingila a 1954, shi ya sa ya kawo tsarin da za ka riƙa zuwa kana komawa gida.

Baban Yara: Ku biyun kun bar wajen da ciwon yake. Zanen aro ba ya rufe katara. Ruwanda ta buɗe EAIFR, cibiyar binciken kimiyya ta Gabashin Afirka, a Kigali a 2018 tare da ICTP, kuma gwamnatinsu ta sa kuɗinta. Mu fa? Shekara nawa malamanmu na zuwa Trieste a kuɗin wasu?

Ɗan Zariya: Yauwa yallaɓai, to ai shi nake cewa, wanda bai sa sisi ba ba shi da bakin magana.

Malamar fizis: A'a, kai cewa ka yi suna juya binciken, shi kuma cewa ya yi mu kawo namu. Ni ta Baba nake bi. Muna da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, a sa mata kuɗi na tsayayye a kasafi, ɗalibina mai digiri na uku ya samu inda zai je ya zauna ko wata ɗaya ne ba sai ya jira biza ba.