Waɗanne katuna ne suka fi ƙarfi a Modern Horizons 3?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da Modern Horizons 3, fitowar sabbin katuna ta wasan katin Magic: The Gathering, ya fito ranar 14 ga Yuni, 2024, kowa da katin da yake yabo. Wasu Nadu, wasu Phlage, wasu kuma sun ce ƙananan fararen katunan nan su ne abin tsoro. A tsarin Modern, ɗaya daga cikin tsare-tsaren gasar wasan, wanne ne ya fi ƙarfi da gaske, kuma wanne ya cancanci mutum ya tara huɗu-huɗu, wato kwafi huɗu a dek, tarin katunan da yake wasa da su? Don Allah a haɗa da dalili, ba suna kawai ba.

Malam_Shuɗi:

Wa alaikumus salam. In ƙarfi zalla ake magana, babu gardama: Nadu, Winged Wisdom ne. A gasar Pro Tour da aka yi a Amsterdam ƙarshen Yuni, biyar daga cikin takwas na ƙarshe Nadu suka riƙe, kuma Simon Nielsen da shi ya ci kofin.

Ga yadda yake aiki. Mana uku ne (mana shi ne kuɗin jefa kati, da ake cira daga katunan ƙasa), ɗaya kore, ɗaya shuɗi, ɗaya kowane launi. Ƙarfinsa 3, juriyarsa 4, kuma yana tashi sama. Duk halittar da kake da ita a fage, har shi kansa, da zarar wani kati ko wata baiwa ta nuna ta, sai ka buɗe katin saman tarinka. In katin ƙasa ne ya sauka fage kai tsaye, kuma a miƙe yake sauka, kana iya cirar mana daga gare shi nan take. In ba ƙasa ba ne ya shiga hannunka. Sau biyu ake yi a kowane zagaye, amma ga kowace halitta daban. Nan ne gizo ke saƙar.

Abokin tafiyarsa Shuko ne, tsohon makami na 2005 mai mana ɗaya, wanda ɗaura shi kyauta ne, kuma kowace ɗaurawa nuna halittar ce. Ka ɗaura wa halitta, ka sake ɗaura mata, kati biyu ke nan. Ka koma kan ta gaba. Sai Springheart Nantuko, wanda duk saukar ƙasa yake ba ka ƙwaro mai 1/1, wato ƙarfi 1 juriya 1, kowane ƙwaro kuma sabbin buɗewa biyu ne. Urza's Saga na zaƙulo Shuko, Chord of Calling na zaƙulo Nadu, Delighted Halfling kuma na saukar da shi a zagaye na biyu ba tare da an iya soke shi ba.

Amma a yi lissafi, domin sarƙar tana tsinkewa. In akwai ƙasa 24 cikin kati 60, kashi 40 cikin ɗari ke nan, wato buɗewa biyu ba sa ba da cikakkiyar ƙasa ɗaya a matsakaici. Da Nantuko ɗaya tal, ƙwari na iya ƙarewa. Abin da ke cike giɓin shi ne ƙasashen da ake sadaukarwa a nemo wata, irin su Windswept Heath, domin sauka biyu suke bayarwa, da kuma amfani da sabon mana wajen saukar da ƙarin halittu. Nadu na biyu ma yana sabunta ƙidayar kowa. Babban kuskure shi ne a ƙone buɗewar halittu kafin Nantuko ya sauka. Na biyu, rashin sa alama kan wadda aka riga aka nuna sau biyu. Da ƙwari goma a tebur mutum zai rikice, ga minti 50 na karawa yana tafiya.

Shin a saye shi? Ni ban ba da wannan shawara ba. Katin da ke sa abokin wasa ya naɗe hannu minti goma yana kallo, ba ya daɗewa kafin a haramta shi.

Jan_Wuya:

Malam ya yi gaskiya kan Nadu, amma tambayar ɗan'uwanmu kashi biyu ce, kuma amsar kashi na biyu tana wurin fari da ja. Katunan kuzari, wato makin da ake tarawa a kashe kan wasu baiwoyi, su ne za su zauna.

Guide of Souls, mana ɗaya fari, 1/2. Duk wata halittarka da ta sauka, rai ɗaya da kuzari ɗaya. Lokacin hari ka biya kuzari uku, ka ƙara wa maharin guda +2/+2 na dindindin da fukafukai. Ocelot Pride shi ma mana ɗaya, 1/1, yana fara sara kuma saransa na ƙara maka rai. A ƙarshen zagayenka, in ka samu rai, sai ya haifi kyanwa 1/1. Haɗa su ka gani: Guide a zagaye na ɗaya, Ocelot a na biyu, rai ya ƙaru, kyanwa ta fito, kuzari biyu. A na uku kowace halitta ka saukar kuzari ya cika uku, Ocelot ya zama 3/3 mai tashi sama. In kayanka a fage suka kai goma, kyanwowin ninkuwa suke yi.

Ajani, Nacatl Pariah mana biyu ne, jiki biyu: shi 1/2, da kyanwa mayaƙiya 2/1. Wata kyanwarka ta mutu, sai ya juye ya zama Ajani, Nacatl Avenger, wanda baiwarsa ta sifili ke ba da sabuwar 2/1, kuma in kana da wani jan kati a fage, ya yi ɓarna daidai yawan halittunka a duk inda ka so. Shi ya sa ake haɗa shi da Goblin Bombardment: jan kati ne, kuma da shi kake yanka kyanwar da kanka lokacin da ka ga dama. Aka auna Ajani da katin kisa, sai ka sadaukar da kyanwar, ya juye, kisan ya faɗi a banza.

Sai Phlage, Titan of Fire's Fury. Saukar farko mana uku: ɓarna 3, rai 3, ya wuce maƙabarta, inda katunan da aka yi amfani da su ko suka mutu ke taruwa. Dawowarsa ja biyu, fari biyu, da fitar da wasu katuna biyar daga maƙabartarka; a nan 6/6 ne da ke maimaita ukun nan a kowane hari. Da Arena of Glory cikin ƙasashe huɗu yana dawowa ya kai hari a zagayen nan: 3 na sauka, 3 na hari, 6 na sara, 12 ke nan. Inda ake tuntuɓe shi ne cikon biyar ɗin. Dek ɗin da ba shi da isassun ƙasashen sadaukarwa da katuna masu arha zai bar Phlage kwance a maƙabarta har a tashi wasa. Kuma dawowar tasa jefa kati ce, Counterspell na kama ta, biyar ɗin da ka fitar kuma sun tafi ke nan.

Wani ɗan abu kan Amped Raptor da ake yawan kuskurewa. Kuzari biyu yake bayarwa, sannan ya tono katin farko da ba ƙasa ba, ka biya shi da kuzari. In Guide na fage, baiwoyin biyu tare suke tashi, kai ke jera su. Ka bar ta Guide ta fara aiki, kuzari ya zama uku, Phlage ma ya biyu. Aka juya jerin, sai a tono Phlage da kuzari biyu a rasa shi.

Waɗanda zan ce a tara huɗu: Guide, Ocelot, Ajani, Galvanic Discharge, da Phlage uku ko huɗu. Discharge ma gama-gari ne, ba wuyar samu.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To in mutum ba ya wasa da ko ɗaya cikin biyun, da me zai kare kansa? Lightning Bolt na kashe Nadu?

Hajiyar_Baƙi:

Ba ya kashe shi, ƙanena. Bolt 3 ne, juriyar Nadu 4. Galvanic Discharge shi kaɗai ma 3 ne, sai kana da ragowar kuzari ɗaya a ajiye. Fatal Push kuma sai wani abu naka ya bar fage a zagayen, don haka ka riƙe ƙasar sadaukarwa guda kada ka fasa ta da wuri. Ko ka kashe shi, nuna shin da ka yi ya riga ya ba mai shi kati. Orcish Bowmasters ba ya ganin Nadu sam, domin buɗewa ake yi a sa a hannu, ba jan kati ba ne. In ma ka harbi ƙaramar halittarsa da shi, kyauta ka ba shi.

Abin da ya fi shi ne a kama Shuko. Disruptor Flute, daga wannan fitowar, mana biyu ne kuma ana saukar da shi kowane lokaci: ka ambaci sunan Shuko, ɗaurawa ta tsaya. Pithing Needle haka. Harsh Mentor na cin mai ɗaurawa rai biyu duk sau ɗaya. Sai dai ka sani suna da Outrider en-Kor, wanda ke nuna halitta kyauta har a zagayenka, ga Boseiju da Otawara na ɗauke abin da ka toshe da shi. Kati ɗaya ba ya isa. Ka ware uku ko huɗu cikin katunan gefe 15, waɗanda ake musanyawa tsakanin wasa da wasa, ka kuma matsa musu da hari.

Masu kuzari kuwa, maganinsu Wrath of the Skies. Ka biya mana huɗu, kuzari biyu ke nan, ya share duk halitta, kayan aiki da tsafi da kuɗinsu bai wuce biyu ba: Guide, Ocelot, Raptor, Bombardment, da duk kyanwowin. Ajani in ya mutu tare da kyanwarsa ba ya juyewa. In ya riga ya juye kuma, Wrath ba ta taɓa shi. Mai fuskantar Ajani da katin kisa ɗaya, Ajani zai auna, ba kyanwar ba.

Kuma kada a manta da baƙi, tunda ba wanda ya ambace shi. Necrodominance, baƙi uku: ba ka jan katin farkon zagaye, amma a ƙarshen zagayenka ka biya rai nawa ka so ka ja kati daidai haka. Hannu ba ya wuce biyar, don haka rarar sai a ƙone ta nan take da Soul Spike, wanda ake jefawa kyauta ta fitar da baƙaƙen katuna biyu. Da Sheoldred, the Apocalypse a fage, ka biya rai 10 ka dawo da 20. Amma a nan Bowmasters na gani sarai: kati goma, harbi goma. A kashe shi tukuna.

Psychic Frog kuma ina ganin an raina shi. Mana biyu, 1/2, ka yar da kati ya ƙaru +1/+1 nan take, don haka kisan da ke dogara da ɓarna ba ya cika kama shi. Bolt sai an yar da kati biyu ya tsira. Duk saran da ya kai ga ɗan wasa, kati ɗaya.

Malam_Shuɗi:

Hajiya ta cike abin da muka bari. Ƙari ɗaya: Ugin's Labyrinth na ba da mana biyu marasa launi tun zagayen farko, amma sai ka ɓoye kati marar launi mai mana 7 ko fiye a ƙarƙashinsa lokacin da ya sauka. Dek ɗin da ba shi da irin waɗannan da yawa, ƙasa ce kawai mai mana ɗaya. Na masu Eldrazi ne, manyan halittun nan marasa launi, kada a saya don suna.

Jan_Wuya:

Ga wanda ya iso wannan tattaunawa daga baya: an haramta Nadu a Modern ranar 26 ga Agusta, 2024, tare da Grief. Ranar 16 ga Disamba kuma aka haramta Amped Raptor, The One Ring da Jegantha, a Legacy, wani tsarin gasa daban, aka cire Psychic Frog da Vexing Bauble. Wannan sanarwar ba ta taɓa Guide, Ocelot, Ajani da Phlage ba. Gurbin Raptor huɗu ne ya buɗe a dek ɗin kuzari, kuma tunda kuzarinsa biyu sun tafi, sai a rage dogaro da Static Prison, katin da ke tsare wani abin abokin wasa, domin kuzari ɗaya yake ci duk zagaye, in ya ƙare abin da ya tsare ya dawo fage.