Dogon Yaro a Gindin Taransifoma: Inuwa ko Neman Fitina?

Shugaban Matasa: Salamu alaikum jama'ar unguwa. Kuɗin da muka tara don gyaran gefen hanya sun isa sayen dashe 20. Shawarata a jera dogon yaro tun daga kwalbati har a kewaye taransifoma. Mai tafiya a ƙasa ya samu inuwa, ƙarfen nan mai muni ya ɓuya, ita ma taransifomar ta huta. Kowa ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu, zafi na haura digiri 40. Ni dai na ce rana ce ke kashe mana ita, inuwa ce maganinta.

Mai Shayi: Wallahi shugaba ka gama magana. Da azahar ko akuya ba ta bin wannan gefen, balle mutum.

Injiniya: Ranka ya daɗe, zafi na cutar da ita, wannan gaskiya ne, amma yawancinsa daga cikinta yake fitowa. Wuta na shigarta da ƙarfin bolt 11,000 ta sauke ta zuwa 415. Idan gidaje sun yi mata yawa sai man da ke cikinta ya ɗau zafi. Waɗannan fukafukan ƙarfe da ke jikinta aikinsu ke nan, iska ta ratsa su ta kwashe zafin. Ka kewaye ta da itace mai duhu, ka toshe iskar. Kuma dogon yaro ba ya tsayawa inda aka dasa shi, yana kai mita 15, ya wuce tsayin turakun layinmu. Guguwar farkon damina ta kaɗa reshe ɗaya kan waya, unguwa ta kwana a duhu.

Shugaban Matasa: To ba sai a riƙa sassabe rassan ba?

Hajiya Mai Ƙosai: Wa zai sassabe, ɗan nan? Itacen ƙofar gidana shekara goma sha ina ba shi ruwan wanke-wanke. Ranar da ya taɓa waya masu wuta suka zo da adda suka kwashe gefe guda, suka bar shi kamar kan da wanzami ya gudu bai gama aski ba. Rassan kwana huɗu suna tare hanya, 'yan makaranta na sauka kan kwalta suna kauce wa 'yan kabu-kabu. Ban ga laifinsu sosai ba, ni na dasa inda bai kamata ba.

Injiniya: Hajiya kin taɓo wurin. Ƙa'idar ƙasar nan ta ce layin 11,000 da na 33,000 a bar musu fili mita 11, wato biyar da rabi kowane gefe. Babban layin 330,000 da ke zuwa mana daga Kainji nasa mita 50 ne.

Mai Shayi: Haba Injiniya! Mita 11 a ina? Duk faɗin layinmu da lambatu bai kai haka ba. In an bi ta taku ko tsinke ba za a dasa a garin nan ba, sai mu soyu.

Mai Gyaran Famfo: Ku duk sama kuke kallo. Bututun ruwan unguwa ta gefen nan ya bi, bai fi tsawon hannu a ƙasa ba. Bara na tono wani a bayan masallaci, saiwa ta shiga ta mahaɗa ta cika shi dam kamar an cusa tsumma. Saiwa ruwa take bi, in ta ji danshi ba ta da kunya.

Baba Liman: Yara, wanga batu bai kai ga gardama ba. Gefen hanya guda ne gare mu? Ƙetaren babu waya, babu bututu. Ku kai dogon yaronku can.

Shugaban Matasa: Allah ya gafarta Malam, can ɗin ai ƙofar shaguna ne, masu su ba za su yarda a rufe musu allo ba. Kuma taransifomar fa, haka za a bar ta tsirara, yara na wasa gindinta?

Injiniya: A'a. Shingen waya mai ƙofa da kwaɗo, a zuba tsakuwa a ciki don ciyawa kada ta fito ta bushe ta kama wuta. Gaban ƙofar a bar shi fayau, ranar da za a canza ta mota mai ɗaukar kaya ta samu wurin tsayawa. Daga waje, da 'yar tazara, a yi layin lalle ko bini-da-zugu, a riƙa datse shi daidai ƙugu. Bini-da-zugu ma awaki ba sa cinsa.

Hajiya Mai Ƙosai: Amma 'ya'yansa guba ne, yara kuma komai baki. Lalle dai, mu samu na salla.

Mai Shayi: Lalle ba ya inuwa. Ni har yanzu ina tare da shugaba.

Shugaban Matasa: Ban janye ba tukuna. Asabar bayan la'asar kowa ya fito, Injiniya ka zo da tef ɗin awo, Baba a taya mu yi wa masu shaguna magana. Mai Shayi, bencinka da ke jingine da turken wuta shi za mu fara aunawa.