"Da babu gara ba daɗi": a bakin wa ta dace?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, ku raba mu gardama. Yayana ya je taro Sifaniya, aka sauke su a Granada, a otal ɗin da ke cikin harabar Alhambra. Asalin ginin fadar sarakunan Musulmi ce, bayan faɗuwar garin a 1492 aka mai da ita gidan ibadar fada-fada, wato limaman Kirista, na ɗarikar Fransiskan. Har gawar Sarauniya Isabella a nan ta kwanta daga 1504 kafin a ɗauke ta a 1521. Yau kuma gado ne mai laushi da ɗakin cin abinci. Na ce masa ni jikina ba zai ba ni barci a wurin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana bauta ba. Sai ya ce wai "da babu gara ba daɗi", da ginin ya rushe gara ya zama otal. Shin karin maganar nan ta zauna a wurinta?

Malamar Samaru: Ta zauna daram. An kori masu ibadar tun 1835, lokacin da gwamnatin Sifaniya ta ƙwace dukiyar irin waɗannan gidaje. Ginin ya yi ta lalacewa, har sojoji sun zauna a ciki, kafin a gyara shi, aka buɗe otal a 1945. Kuma ba wani attajiri ba ne ya saye, kamfanin gwamnati ne, Paradores, wanda tun 1928 aikinsa ke nan. Kuɗin mai kwana shi ke gyara rufi. In ba haka ba da yayanka kango zai tarar.

Baban Kwarbai: Malama, tarihinki ban ja da shi ba. Inda zan ja shi ne bakin da maganar ta fito. Mu yadda muka taso muka ji, wanda ya haƙura shi ke cewa da babu gara ba daɗi. Magidanci ya dawo ya tarar da tuwo miya ba nama, ya wanke hannu ya ce da babu gara ba daɗi, wannan ya faɗi daidai, don shi zai haɗiye rashin daɗin. To yayan Ɗan Tudun Wada wane rashin daɗi ya haɗiya? An shimfiɗa masa farin zanen gado, an kawo masa shayi har ɗaki. Daɗi ya ji. Wanda bai ji daɗi ba shi ne tsohon da ke tuna wurin da addu'a, yanzu yana wucewa yana jin ƙarar cokula. In shi ya faɗa, haƙuri ne. In mai morewa ya faɗa masa, ya zama cin fuska da lafazi mai kyau.

Malamar Samaru: Baba, ai karin magana ba ta da mai ita. Kowa na iya auna abu biyu ya ce wannan ya fi wancan sauƙi.

Baban Kwarbai: Tana da mai ita, 'yata. Je ki gidan makoki ki ce wa mai rashi "kowa ya daɗe ya ga daɗau" ki ga yadda za a dube ki, alhali maganar gaskiya ce.

Mutumin Wusasa: Bari in sa baki, tunda yawancin gine-ginen nan na Kirista ne. A dokar cocin Katolika, bishop na iya fitar da coci daga hidimar ibada a yi wani amfani da shi, da sharaɗin kada amfanin ya zama na ƙazanta. A kan wannan sharaɗi ake ta kai ruwa rana. A Maastricht ta ƙasar Holan akwai Kruisherenhotel, gidan ibada na ƙarni na 15 da aka buɗe a matsayin otal a 2005, kuma a cikin cocin kansa ake zaman ci da sha, har da giya. A Mechelen ta Beljiyam, Martin's Patershof, baƙi na karin kumallo a gaban bagadi. Ni da za a ce cocinmu na St. Bartholomew, ginin ƙasa na 1929, haka za a yi masa, amsata wata karin maganar ce: da mugun rawa gara ƙin tashi.

Ɗan Tudun Wada: To ga biyu sun yi karo. Wacce za mu ɗauka?

Almajirin Ƙofar Doka: Ba su yi karo ba. "Ba daɗi" daban, "mugu" daban. Ba daɗi abu ne halal da ya gaza abin da kake so. In abu ya kai ga mugu, ya fita daga hurumin karin maganar farko gaba ɗaya. A wajenmu kuma masallaci wakafi ne, ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Malaman da suka sassauta, kamar Hambalawa, cewa suka yi in ya lalace ba mai sallah a ciki, a sayar a sa kuɗin a wani masallacin. Ba a yi maganar haya ɗaki-ɗaki ba.

Malamar Samaru: Na ji. Amma ku dubi namu. Masallacin Juma'a na ƙofar fadar Sarkin Zazzau a Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim, da bakan gizonsa da azararsa, masu nazarin gini daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallonsa. A watan Agustan 2023 wani sashe ya rufta kan masallata suna La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ban ce a mai da shi otal ba, Allah ya kiyaye. Ina nufin ginin ƙasa kullum yana bukatar yaɓe da duba indararo kafin damina, kuma wannan kuɗi ne. Su can sun samo inda kuɗin zai fito, ko da hanyar ba ta yi mana ba.

Baban Kwarbai: Amin. Amma lura, namu bai taɓa rasa masallata ba, a kansu ma ya faɗo. Nasu mutane ne suka watse, gini ya rage. Ciwo biyu ne daban, kada a ba su magani ɗaya.

Ɗan Tudun Wada: Na tura wa Yaya duk abin da kuka ce. Ya amsa cewa Baba ya fi shi gaskiya a kan karin maganar, amma wai shi ba shi ya zaɓi masaukin ba, masu taron ne suka biya, kuma a ɗakin ya yi sallolinsa.

Almajirin Ƙofar Doka: Sallarsa ta yi, in dai wurin da tsarki kuma babu gumaka ko hotuna a gabansa. Tambaye shi ko ya duba bangon alƙibla kafin ya kabbara.