Ko Ilimin Taurari Yana Ciyar da Mai Shi?

Baffa: Assalamu alaikum. Jiya Auta ya same ni da maganar cewa ilimin taurari yake son karantawa a jami'a, ni kuwa a ganina wannan karatu ba ya ciyar da mai shi a ƙasar nan. Daga Ringim har Gumel ban taɓa jin wanda ake biya albashi don ya kalli sama ba.

Kawu: Ina bayan Alhaji. Abin da manomi yake bukata daga taurari yana wajen malamanmu na zaure, waɗanda suke lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13 in ban da guda mai 14, kuma da su ake gane shigowar damina.

Malamin kimiyya: Allah ya ƙara girma, Alhaji, ai kallon sama shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Masanin taurari a gaban kwamfuta yake wuni, yana tace bayanan da na'urori suka tattaro. Hanyar takan fara da digirin fiziks, wanda ake samu a Bayero ko a Dutse, sannan digiri na biyu da na uku. Jami'ar Nsukka tana da sashen fiziks da taurari, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, da aka kafa a 1999 ma tana da cibiya a can. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT, na'urar hangen sararin samaniya mai faranti 64 na kama sigina, a 2018, kuma irin waɗannan wurare ne suke ɗaukar ɗalibai.

Baffa: Malam, ka kai ni Nsukka, ka kai ni Afirka ta Kudu, amma ba ka faɗa mini shekara nawa zan yi ina sayar da riɗi kafin yaron ya kawo ko mudun gero ba.

Malamin kimiyya: Ba zan ɓoye ba, zai kai shekara 10, in ma yajin aiki bai tsoma baki ba. Bayan digiri na uku kuma yawanci kwantiragin shekara 2 ko 3 ake samu, domin kujerun dindindin kaɗan ne ko a Turai. Sai dai da yawa sukan koma bankuna da kamfanonin sadarwa, inda ake neman gwanayen lissafi da sarrafa bayanai.

Kawu: To ashe banki ne ya ciyar da shi, ba tauraro ba.

Yaya Babba: Kawu, da girmanka, tauraron ne ya koya masa abin da bankin yake saye. Ni abin da ya fi damuna shi ne mutanen gari, domin tuni wata ta tambayi Inna ko duba Auta zai koyo. Shawarata ya cike fiziks a Dutse, kusa da gida, zuwa shekara 4 shi da kansa zai san inda ya dosa.

Baffa: Dutsen na yarda da ita, taurarin ne har yanzu ban gamsu ba. Ku ce masa ya same ni bayan sallar isha'i da sakamakonsa na lissafi.