Murya na riga baki a shirin kai tsaye: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai_Kyamara_Uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki ya faɗa mini yadda ya fita. Muna watsa lacca kai tsaye daga babban ɗakin taro da kyamarori uku. Biyu suna shiga na'urar sauya hoto ta kebul ɗin HDMI, ta ukun tana can gefen dandamali, hotonta na zuwa ne ta na'urar aikawa marar waya. Muryar mai magana daga mikisar ɗakin, wato na'urar haɗa sauti, muke ɗauko ta, ta shiga kwamfuta ta USB, sai OBS, manhajar naɗa da watsa shiri kai tsaye, ya haɗa ta da hoton ya tura. Masu kallo suna ta rubuto mana cewa suna jin kalma kafin bakin mai magana ya motsa. Ina ƙara wa muryar jinkiri, ta zauna, da an sauya kyamara sai ta sake kaucewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan an tashi. Nakan ɗora fayilolin kyamarorin da na rikodar murya a manhajar tacewa, in daidaita su tsaf a farko, amma kafin a kai ƙarshen awa biyu baki na gabas murya na yamma. Matsala ɗaya ce wannan ko biyu?

Injiniyan_Sauti

Wa alaikumus salam Malam. Biyu ce, ƙila ma uku, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Kafin ka sake taɓa wani saiti, duba halin tazarar: tana nan yadda take daga farko har ƙarshe, ko ƙaruwa take yi a hankali, ko kuwa yawo take, yanzu ta zo anjima ta tafi?

Ta kai tsayen da ka fara faɗa, tsayayyiya ce, kuma ni ma na sha fama da ita a ɗakunan taro. Murya daga mikisa kusan nan take take isa kwamfuta. Hoto kuwa sai kyamara ta sarrafa shi, na'urar sauya hoto ta riƙe shi ta daidaita shi da sauran kyamarori, sannan ya bi ta USB. Kowace tasha tana cin firem ɗaya ko fiye, firem kuwa shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke zama bidiyo. Idan kana aiki a firem 25 cikin sakan ɗaya, kowane firem milisakan 40 ne, ka ga firem huɗu sun zama milisakan 160. Kuma kunnen ɗan Adam ba ya yafe wa muryar da ta riga hoto. A ma'aunin da ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta fitar, mutane kan fara lura idan murya ta riga hoto da kimanin milisakan 45, amma idan baya ta biyo sai ta kai wajen 125 kafin a ankara. Mun saba ganin abu daga nesa kafin sautinsa ya iso mana, akasin haka ne bai saba mana ba.

Yadda nake aunawa: in sa mutum ya tsaya inda mai magana zai tsaya, da makirufon da za a yi amfani da shi, ya tafa hannu da ƙarfi ana ganinsa. In naɗa a OBS, in buɗe fayil ɗin a manhajar tacewa, in ƙirga firem nawa ne tsakanin tsinin ƙarar tafin da firem ɗin da tafukan suka haɗu. Adadin sau 40, shi nake rubutawa a gurbin jinkirta murya da ke cikin babban saitin sauti na OBS. Kada ka auna da kunne, musamman da abin kunne na Bluetooth, domin shi kansa yana da nasa jinkirin da yakan wuce milisakan 100, sai ya sa ka gyara abin da bai lalace ba.

Mai_Jan_Kebul

Yallaɓai Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai a yi tafin ga kowace kyamara dabam. Abin da ya sa gyaran ke rushewa idan ka sauya kyamara shi ne marar wayar nan. Na yi aiki da irinta, hotonta yakan iso bayan na masu kebul, domin sai an matse shi an aika an sake warware shi. Murya ɗaya ba za ta dace da jinkiri biyu ba. Kamar ayari ne, tafiyar na baya ake bi: a jinkirta masu saurin su jira ta, sannan a jinkirta murya ta jira su duka. Idan kowace kyamara na shiga kwamfuta da kanta, OBS na da matatar jinkirta hoto da ke kaiwa milisakan 500, kana iya ɗora ta a kan masu saurin. Amma kai da suke haɗuwa a na'urar sauya hoto kafin su iso, ba ka da wannan damar. Abin da na yi ni, na mayar da marar wayar ta riƙa ɗaukar jama'a da faɗin ɗaki, inda ba a ganin leɓe, na bar ɗaukar fuska ga masu kebul. Daga baya muka ja mata SDI, wani nau'in kebul ɗin bidiyo, wanda kan kai mita 100 da kebul mai kyau, saɓanin HDMI na gama-gari da ke fara ƙifta ido idan ya wuce mita 10 zuwa 15.

Tsohon_Edita

Ni tun da daɗewa na daina kai murya kwamfuta ta wata hanya dabam. Daga mikisa nake kai ta cikin kyamarar da ke ɗaukar fuskar mai magana, ta shiga HDMI tare da hoton, su yi tafiyarsu tare. Duk jinkirin da ya samu hoto a hanya ya samu muryar. Ga kuma riba ta biyu: fayil ɗin da kyamarar ta naɗa yana ɗauke da murya mai tsabta wadda ba ta buƙatar daidaitawa a wajen tacewa.

Injiniyan_Sauti

Baba, hanyarka tana aiki, amma ina jin tsoronta a shirin kai tsaye. Na taɓa ganin batirin kyamarar da ke ɗauke da murya ya mutu ana tsakiyar jawabi, hoto ya koma kan wata kyamarar lafiya lau, murya kuwa ɗif. In za a bi ta, to kyamarar ta kasance a jone da wuta, kuma a duba ƙarfin siginar: abin da mikisa ke fitarwa ya fi ƙarfin ramin makirufo nesa ba kusa ba, in ba a sauya saitin ramin ba muryar za ta fashe. Na fi son a kai ta cikin na'urar sauya hoton kanta. ATEM Mini, alal misali, tana da ramukan murya biyu, kuma a manhajarta ana iya jinkirta su har firem 8. A kuma kashe muryar sauran kyamarorin gaba ɗaya. Wadda ke bayan ɗaki da nisan mita 30 tana jin lasifika ne bayan kusan milisakan 90, tunda sauti mita 343 yake ci a sakan ɗaya, in ta haɗu da ta mikisa sai ka ji amsa-kuwwa.

Mai_Kyamara_Uku

Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin tafin, lallai marar wayar ce ke baya da firem uku a kan sauran. Game da tacewa kuma na sake dubawa: tsakanin kyamarori da rikodar murya tazarar ba ta kai rabin sakan ba a ƙarshen awa biyu, kuma a hankali take taruwa. Amma akwai fayil ɗin da wani yaronmu ya ɗauka da wayar hannu, shi kam ba shi da kan gado, nan ya dace can ya kauce.

'Yar_Tace_Hoto

Yaya, wannan na wayar na san shi sarai, shi ya fi cinye mini lokaci a aikin tacewa. Yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firem ɗaya. An rubuta 30, amma idan haske ya ragu ko wayar ta ɗau zafi sai ta sauka ƙasa da haka, ta sake hawa. Manhajojin naɗar fuskar kwamfuta ma da yawa haka suke. Wayar ta san lokacin kowane firem, shi ya sa idan ka kalla a cikinta ba ka ganin komai. Manhajar tacewa kuwa so take kowane firem ya zauna a gurbi mai tsawo ɗaya, daga nan rikicin ke farawa.

Akwai ƙaramar manhaja kyauta, MediaInfo, ka jefa mata fayil ɗin za ta nuna maka ko adadin firem ɗinsa tsayayye ne ko mai sauyawa, har da mafi ƙanƙanta da mafi yawa. In mai sauyawa ne, ka bi da shi ta HandBrake, manhajar sauya fasalin bidiyo, ka zaɓi adadin da aikinka ke kai, ka danna zaɓin tsayayyen firem, ka ɗaga inganci don kada hoton ya zube. Sabon fayil ɗin za ka kai wa manhajar tacewa. Ni yanzu duk abin da ya fito daga waya ba ya hawa teburina sai ya bi ta nan, ko da an ce manhajar na iya ji da shi, domin a gajeren bidiyo ne take iyawa, a na awa biyu ban yarda ba.

Wani abu kuma tun kafin ka fara: a manhajar tacewa ta DaVinci Resolve, da zarar ka gina layin tacewa, adadin firem ɗinsa ya kulle. Ka saita shi daidai da kyamarorinka tun aikin yana fanko.

Ɗan_Koyo

Don Allah manya a taimaka mini da tawa, ta yi kama da wannan. Ni ba na'urar sauya hoto gare ni ba, 'yan ƙananan katunan ɗaukar hoto na USB biyu nake sokawa a laftof. Shirin kan fara daidai, bayan minti talatin murya ta riga, wani lokaci in na cire katin na mayar sai ya dawo daidai.

Mai_Jan_Kebul

Ƙanena, taka ita ce mai yawon da Injiniya ya ambata, kuma jinkiri ba ya maganinta. Na yi fama da ita lokacin da nake soka katuna biyu a mahaɗar USB guda. Hanyar ba ta ishe su ba, hoto ya riƙa taruwa a layi yana jiran wucewa, murya ta wuce abinta. Cirewa da mayarwa zubar da layin yake yi, shi ya sa kake ganin ya gyaru. Raba su, ɗaya a ramin dama ɗaya a na hagu, ba tare da mahaɗa ba, in ya ƙi ka rage girman hoton ɗaya zuwa 720p.

Sannan ka buɗe tagar ƙididdiga ta OBS ana cikin shiri. Tana ƙirga asarar firem gida uku: na intanet, na katin zane (ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto), da na matse bidiyo. In na intanet ne ke hawa, rage nauyin abin da kake turawa ko ka koma kebul maimakon Wi-Fi. In sauran biyun ne, laftof ɗin ce ta gaji, ka rufe duk abin da ba ka buƙata, ka mayar da matsewar kan katin zane in tana da shi, kuma ka tabbata tana jone da caja. Ka duba saitin sauti ma, komai ya zauna a 48 kHz, a OBS da Windows da mikisa. Idan wani na 44.1 wani na 48, kwamfuta na ta juya ɗaya zuwa ɗaya ana cikin tafiya, nan ma nakan ji ƙaras-ƙaras ko a samu kaucewa.

Tsohon_Edita

Saura taka ta rikoda, Malam mai kyamara uku. Girman tazarar ma yana faɗa maka mai laifin. Da sakan 7 ka gani a awa biyu, da na ce wani fayil mai firem 29.97 a sakan ne ana karanta shi a matsayin mai 30, domin bambancinsu sakan 3.6 ne a kowace awa. Tunda ƙasa da rabin sakan ce, agogo ne. Kowace kyamara da kowace rikoda da nata agogon na ciki, kuma babu biyun da ke tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Kuskuren kashi 1 cikin 100,000 kaɗai yana ba da milisakan 36 a awa, kusan firem guda ke nan. Manyan gidajen talabijin suna ɗaure duk na'urorinsu da agogo ɗaya ne don kauce wa wannan. Mu da ba mu da wannan kayan, miƙa muryar muke yi.

Ga yadda nake yi. Ina sa a tafa a farkon naɗi, a sake tafawa a ƙarshe kafin kowa ya kashe na'urarsa. In daidaita tafin farko, in je na ƙarshe in ƙirga tazarar. A ce firem 9 ce a 25, wato sakan 0.36 cikin sakan 7,200, kashi 0.005 cikin ɗari ke nan. Wasu manhajojin ba sa karɓar lamba ƙanƙanuwa haka a gurbin sauri, don haka nakan kai muryar Audacity, manhajar gyaran sauti, inda ake iya rubuta sabon tsawon da ake so kai tsaye, in dawo da ita. Sauyin bai kai kunne ya ji ba. In kuma ba a yi tafin ƙarshe ba, nemi kalmar da ke da "b" ko "m" kusa da ƙarshen jawabin, inda leɓɓa ke haɗuwa a fili, ka yi awo da ita. Kuma kyamara ɗaya za ka ɗauka a matsayin uwa, wadda ke kan fuska, ka miƙa muryar a kanta. Sauran biyun ka yanka su a wuraren da aka yi shiru, ka matsar da su firem ɗaya ko biyu inda suka kauce.