Baƙo a Wajen Kalankuwa

Na-Fagge: Salamu alaikum. Abokin aikina ya kai ni kalankuwar ƙauyensu, wato bikin da ake yi bayan girbi, ban taɓa zuwa ba. Mai amsawa ya riƙe harafin "wa".

Na bar Fagge da hantsi cikin hazo,
Na nufi ƙasar Bichi ganin kalankuwa.
Gonaki duk an girbe, rumbu ya cika,
Karan dawa a jingine yana bushewa.
Ban aje jaka ba sai ga ƙwarya,
Furar gero: "Sha tukuna, sannan gaisawa."
Tuwon dawa ya biyo cikin akushi,
Miyar kuka, man shanu na narkewa.
Na kai hannu aljihu in ba da kuɗi,
Dattijo ya riƙe ni yana hanawa.
Ku faɗa mini, me ya kamaci baƙo
Da aka tarbe shi da irin wannan kyautatawa?

Baba Manomi: Wa alaikumus salam, ɗana.

Tuwon da ka ci tun ruwan shuka ya faro,
Muka bi sawun sungumi muna binnewa.
Noman firi, maimai, ga kuma huɗa,
Ranar gayya kowa na taimakawa.
In dami goma Allah ya ba mu,
Ɗaya zakka ce, ba a taɓawa.
Saura na iyali ne da baƙo,
Wanda ya zo gidanka ba ka sayar mawa.
Ka ci ka ƙoshi, ka sa albarka,
Ka tambayi yara da dabbobi, ka yi zaunawa.

Gwaggo Mai Daddawa: Malam, ka tsaya a bakin rumbu. Daga nan aikinmu ne.

Wa ya yi sussuka, wa ya yi shiƙa?
Wa ya yi surfe tun asuba ba hutawa?
Ƙanshin miyar da ya burge yaron nan,
Kalwa ce, wuni guda tana dahuwa.
A daka ta, a wanke, a sake dafa ta,
A rufe ta kwanaki har ta yi nunawa.
Yaro, in za ka koma riƙe goro,
Da gishiri da sabulu na rabawa.
Ka aika cikin gida a ce an gode,
Masu tuƙa tuwon su ma a yi tunawa.

Sarkin Samari: Gwaggo ta yi gaskiya. Yayana, kuɗin nan naka yana da wurinsa.

Bayan isha'i ka fito dandali,
Kalangu na tashi, 'yan mata na rausayawa.
Can mun naɗa gwamna da alƙalinmu,
Na wasa ne, amma ana sauraron hukuntawa.
Mai waina na nan, mai tsire na can,
Rake da dafaffiyar gyaɗa sai zaɓawa.
Nan ne za ka saya, ka yi wa makaɗa liƙi,
Da shi 'yan talla ke samun tarawa.
Abin da ke damuna, samari sun ragu,
Ana gama girbi ci-rani suke wucewa.

Na-Fagge: Na gode Baba, na gode Gwaggo.

Goro na saya a Kurmi, da gishiri,
Jumma'a mai zuwa zan yi aikawa.
Sarkin Samari, in an sa ranar gayya,
Ka kira ni, a ba ni fartanya in yi koyawa.